Wai matan Indiya duk farare ne ko dai zaɓe ake yi?

Ɗan Fagge: Salam 'yan gida. Tambaya gareni, musamman ga waɗanda suka zauna Indiya ko karatu ko jinya. Tun muna yara muke kallon fim ɗin Indiya, tun ana kallo ba a jin yaren har aka zo zamanin fassara, amma ni dai har yau da ƙyar in tuna fim ɗin da jarumar baƙa ce. Maza kam akwai, ga Rajinikanth ga Dhanush ga Vijay Sethupathi, amma macen kullum fara sol kamar ka taɓa jini ya fito. Kuma in ka lura yaran bos da 'yan aikin gida su ne masu duhu. Matan ƙasar ne duk haka ko zaɓe ake yi?

Ummu Hanif: Wa'alaikumus salam. Hmm Ɗan Fagge ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi. Zaɓe ake wlh, zaɓe na gaske. Ni a Bangalore na yi karatun nas, ranar da na fara shiga kasuwa tsayawa na yi ina kallon mutane nace to ina Indiyawan da muke gani a fim? Yawancin mutanen titi daga wankan tarwaɗa sai baƙi, wasu ma sun fi ni duhu nesa ba kusa ba, gashi ne kawai ya raba mu. Amma ɗaga kai ka kalli allon talla, na sabulu ne ko na gwal ko na banki, farar mace ce ke maka murmushi.

Yarinyar da muke ɗaki ɗaya 'yar jihar Tamil Nadu ce ta kudancin ƙasar, kyakkyawa, ga hankali ga ƙoƙari dan ita ke jan ajinmu. Duk daren Lahadi sai ta kwaɓa garin wake irin nasu da kurkur da madara ta lafta a fuska, ta zauna ba magana ba dariya har ya bushe ya fara tsattsagewa. In za ta hau ɗan babur ɗinta kuwa sai ta naɗe fuska da gyale ido kawai a waje, ta zura safar hannu har gwiwar hannu, ga zafi ga gumi. Mamanta in ta kira waya ba karatu take fara tambaya ba, cewa take kin dai rage shiga rana ko? Dalili kuwa an sha zuwa ganinta daga gidajen samari, a zauna a falo ta kawo shayi a tire a ƙare mata kallo, bayan kwana biyu a aiko cewa yarinya ta yi sai dai launin. Ƙanwarta da ta fi ta haske tuni aka mata aure.

Sojan Baka: to ni banga abin laifi anan ba gsky. kowa da abinda ransa keso, wani doguwa wani gajera wani fara wani baka. so ai baa masa dole

Ummu Hanif: @Sojan Baka in mutum ɗaya ne sai a ce ra'ayinsa ne. Amma ka buɗe jaridarsu ta ranar Lahadi, akwai shafuka guda na neman aure da iyaye ke biyan kuɗi su saka, layi bayan layi "ana neman fara, siririya, mai ilimi". Iyayen da 'yarsu ba fara ba ce ba sa iya rubuta baƙa, sai su ce launin alkama gareta, wai dan kar a tsallake tallan. Shafin neman aure na Shaadi.com har wajen tace mutane da launin fata yake da shi, sai a 2020 da aka taso su gaba suka cire. Sannan kar ka manta can iyayen mace ne ke biya, in yarinya ta yi duhu sai dangin miji su ƙara farashi. Wannan ya wuce so.

Anti Bilki: Innalillahi! Wai mace ce ke biyan sadaki??

Ummu Hanif: Ba sadaki ba ne Anti, kaya ne da iyayen amarya ke ba ango da danginsa, kuɗi da gwal da babur ko mota, wani har fili. Ki ce gara, sai dai su zama ake a yi ciniki a kai kafin a sa rana. Doka ta hana tun 1961 amma ba a fasa ba. Mai ciki kuwa madara da za'afaran ake ɗura mata wai jariri ya fito fari.

Malam Habu Zariya: Assalamu alaikum. Ku yi haƙuri in ɗan tsawaita. Wannan cuta Turawan Ingila ne suka shuka ta, kuma akwai hujja. Kusan shekara ɗari biyu suna juya ƙasar har 1947, fari shi ne mai mulki, shi ne alƙali, shi ne mai kulob ɗin da ɗan ƙasa ba ya shiga sai dai in shi ne mai kawo abinci. Akwai wani jami'insu Herbert Risley wanda ya jagoranci ƙidayar 1901, mutumin nan hancin mutane ya bi yana aunawa, ya fito da ra'ayin cewa gwargwadon sirantar hancinka gwargwadon darajar asalinka. Su suka yaɗa labarin cewa wasu farare da ake kira Aryan sun zo daga arewa sun fi ƙarfin baƙaƙen Dravidian na kudu, aka sa a littafin makaranta yara suka haddace.

Kuma ku duba abin da Marco Polo ya rubuta da ya ratsa kudancin Indiya a ƙarshen ƙarni na 13. Cewa ya yi mutanen wurin wanda ya fi baƙi shi ya fi daraja, allolinsu baƙaƙe suke zanawa, shaiɗanu kuma farare. Ko Krishna da suke bauta wa a littattafansu mai duhun fata ne, daga baya masu zane suka maida shi shuɗi. To me ya juya lamarin in ba mulkin mallaka ba?

Injiniya Kabiru: Allah ya gafarta Malam, hujjojinka gaskiya ne amma ba zan yarda a ɗora wa Bature kaya duka ba. Kafin Bature ya zo ai Turkawa da Afganawa da Mughal sun yi ɗaruruwan shekaru suna mulkin arewa, yaren fada ma Farisanci ne, kuma su ma sun fi talakawan da suke mulka haske. Sannan tsarin asalinsu ya girme wa duk waɗannan. Mutum ana haihuwarsa cikin rukunin da suke kira jati, shi ke yanke wa za ka aura, da can har sana'ar da za ka yi da rijiyar da za ka ɗebi ruwa. Brahmin a sama, Dalit can ƙasa waɗanda ake cewa ko taɓa su ba a yi. Na ƙasa shi ke yini a rana yana noman wani ko fasa dutse ko yashe kwata, na sama yana inuwa, to a hankali sai duhun fata ya zama alamar talauci da ƙasƙanci a idon mutane. Bature ya tarar da abin ne ya auna shi ya buga masa hatimi.

Shekara nawa yau da tafiyarsu? Tsarin mulkin 1950 wanda Ambedkar ya jagoranci rubutawa, shi kansa Dalit ne, sashe na 17 ya soke ƙyamar taɓawa. Amma sai da aka sake wata doka a 1989 dan hukunta masu cin zarafin Dalit, kaga kenan ba a daina ba. Har Amurka suka tafi da abinsu, sai da birnin Seattle ya kafa dokar hana wariyar jati a 2023.

Malam Habu Zariya: Injiniya ai ban ce babu jati kafin Turawa ba. Cewa na yi haɗa shi da launi da hanci da ƙidaya aikinsu ne.

Injiniya Kabiru: To a nan mun kusa haɗuwa Malam. Dama launi da jati ba abu ɗaya ba ne, a Tamil Nadu za ka ga Brahmin baƙi ƙirin, a Punjab ka ga Dalit fari tas. Shi ya sa ba sa tsayawa ga fata, sunan gidanku suke tambaya da garinku da ko kana cin nama, cikin minti biyu sun gane inda za su ajiye ka. Amma a kasuwar aure da talabijin launi ne ke fara magana.

Famasis Zainab: Bari in shigo ta ɓangarena. Man Fair & Lovely na kamfanin Hindustan Unilever ya fito a 1975, kuma tallansa kusan labari ɗaya ne shekara da shekaru: yarinya mai duhu ta je neman aiki an ƙi ta ko saurayi ya ƙi kulata, uba ya yi tagumi, ta fara shafa mai, a nuno fuskarta tana washewa mataki mataki, shikenan ga aiki ga miji. Har ɗan kati mai jerin launuka suke sawa ki riƙa karawa a kumatu kina duba ko kin matsa gaba. A 2005 kamfanin Emami ya fito da na maza Fair and Handsome, Shah Rukh Khan da kuke ji da shi ya yi shekaru yana tallansa. Wani saurayi a Delhi ya shafa bai yi fari ba ya kai su ƙara, kotun masu sayayya ta ci kamfanin tarar rupee miliyan ɗaya da rabi 😂

A 2014 hukumar da ke sa ido kan tallace-tallace ta hana nuna mai duhun fata a matsayin wanda ya rasa aiki ko aure saboda launinsa. A 2020 kuma bayan kisan George Floyd da duniya ta ɗau zafi sai Unilever suka canza suna zuwa Glow & Lovely. Suna kawai, kowa ya san me yake saye.

Amma ni wanda ya fi damuna ba wannan ba ne, na bayan kanta ne. Mayukan ciwon fata masu sitiroyid irin su Betnovate mata ke saye suna shafawa dan haske, fata ta yi siriri jijiyoyi su fito, ƙuraje su feso, in kin daina fuska ta ɗau zafi ta yi ja dole ki koma. Ga masu sinadarin makuri (mercury) mai guba da ba a rubuta komai a jikin kwalba, a 2024 likitoci a Kerala suka fitar da rahoton masu ciwon ƙoda da aka gano irin wannan man suke shafawa. Masu kuɗi kuma ƙarin ruwan gulutatayon, wani sinadari da ake sawa dan hasken fata, suke zuwa a musu.

Sojan Baka: hhhh Sharukan din ma ashe dan bilicin ne

Famasis Zainab: Talla ya yi aka biya shi, ban ce yana shafawa ba kar ka ja min. Kuma akwai waɗanda suka ƙi, Sai Pallavi an mata tayin kuɗi mai kauri tace ba za ta yi ba. Priyanka Chopra ta yi a baya, daga baya ta fito tace ta yi nadama. Nandita Das kuwa ita ce fuskar gangamin Dark is Beautiful da wata ƙungiyar mata ta fara a Chennai a 2009, ta sha faɗin cewa in aka ba ta rol ɗin mace mai ilimi 'yar masu kuɗi sai mai kwalliya ya zo zai ƙara mata haske, in 'yar ƙauye ce sai a ce launinta ya yi daidai.

Ɗan Fagge: Kai jama'a. Wato shi ya sa finafinan Tamil da Telugu suke ɗauko jarumai mata daga Mumbai irin su Tamannaah da Hansika, har da Amy Jackson wadda Baturiyar Ingila ce gaba ɗaya, a sa mata sari a ɗora mata muryar wata. Ga mata cike da garin.

Ummu Hanif: Ka gane kenan. In kuma labarin ya buƙaci baƙa ba za su nemo baƙa ba, fara za su ɗauko su shafe ta. Haka aka yi wa Bhumi Pednekar a Bala na 2019, fim ɗin da wai yana yaƙi da wariyar launi ne. A shekarar dai aka ƙara wa Hrithik Roshan duhu a Super 30 dan ya fito a malamin lissafi talaka ɗan Bihar.

Maman Biyu: Ni dai dan Allah a riƙa adalci. Na kai maigidana Chennai aikin ƙoda, wlh mutanen nan ba abin da suka mana sai alheri, nas ɗin da ke kula da shi har abinci take kawo min daga gidanta da ta ga ba na iya cin na asibiti. Mutum sama da biliyan ɗaya da miliyan ɗari huɗu ba za a musu kuɗin goro ba.

Abdul Noida: Hajiya gaskiyarki, na kirki suna da yawa, nima abokaina na ƙut da ƙut a nan Indiyawa ne. Amma ki lura kudu kika je, kuma asibiti kika je da kuɗinki. Ki zo nan wajen Delhi neman haya ki gani, a waya dillali zai ce akwai ɗaki, yana ganinka sai ya ce yanzun nan aka kama. Yara su bi ka suna kalu kalu, wato baƙi, wasu su ce habshi, sunan raini da suke kiran ɗan Afirka.

Abin da nake so ku gane shi ne yadda suke mana ɗin nan daga gida suka koyo. A watan Maris na 2017 a Greater Noida wani yaro ya rasu aka ɗora wa 'yan Najeriya maƙwabtansa ba hujja, gungun mutane suka far wa ɗalibai 'yan Najeriya har cikin wani katafaren kanti, bidiyon ya zaga duniya. Sai Al Jazeera ta gayyaci wani tsohon ɗan majalisa na jam'iyyar BJP, Tarun Vijay, ya kare ƙasarsa. Mutumin nan sai cewa ya yi wai in da su masu wariya ne ai da ba su zauna da mutanen kudu ba, su Tamil da Kerala da Karnataka da Andhra, ai akwai baƙaƙe kewaye da su. Kun ji fa, 'yan ƙasarsa yake nufi, kamar alfarma ake musu da aka bar su a ƙasar. Kudu ta ɗau wuta sai da ya ba da haƙuri.

Kafin nan a 2015 wani minista na BJP ɗin, Giriraj Singh, cewa ya yi da tsohon firaminista Rajiv Gandhi 'yar Najeriya ya aura ba farar fata Sonia ba, da jam'iyyar Congress za ta yarda ta shugabance ta? Kuma kar a ce jam'iyya ɗaya ce, a 2024 Sam Pitroda na Congress ɗin ya ce mutanen kudu kamar 'yan Afirka suke na gabas kamar 'yan Chana, aka yi ca a kansa har ya ajiye muƙami. Abin da ya ban haushi a wannan rigimar, yawancin masu fushin ba komai ya ƙona musu rai ba sai haɗa su da aka yi da mu.

Maman Biyu: Subhanallah. Allah ya tsare ku ɗana, ya dawo da ku gida lafiya.

Abdul Noida: Amin Hajiya na gode. Kuma ba duhu kaɗai ba ne. 'Yan arewa maso gabas, Manipur da Nagaland da Mizoram da Arunachal, su farare ne ma amma idonsu irin na 'yan Chana ne, chinki ake ce musu, lokacin korona har tofa musu yawu an yi ana kiransu korona. A Janairun 2014 wani ɗalibi Nido Tania ɗan Arunachal ya shiga kasuwar Lajpat Nagar a Delhi, masu shago suka yi ta masa dariyar gashinsa, rigima ta tashi suka masa dukan da ya zama ajalinsa. Ɗan kudu ko daga wace jiha yake Madrasi ne a bakin ɗan arewa, wato ɗan Madras tsohon sunan Chennai, kalmar Bihari wato ɗan jihar Bihar kuma ta zama zagi a Delhi da Mumbai alhali su ke musu gini su ke tuƙa musu keke.

Anti Bilki: To Musulminsu fa? Ai dai su ba ruwansu da wannan ko?

Injiniya Kabiru: Anti da haka ne da mun ji daɗi. Su ma sun kasu, akwai Ashraf masu cewa asalinsu Larabawa ne ko Farisa ko Turkawa ko Afganawa, su Sayyid da Shaikh da Mughal da Pathan, akwai Ajlaf waɗanda kakanninsu 'yan ƙasa ne masu sana'a suka musulunta, sannan Arzal can ƙasa. Sahu ɗaya ake a masallaci amma zo neman aure ki ji tambayoyi. Har ƙungiyoyi na ƙasan suka kafa da sunan Pasmanda suna neman haƙƙinsu.

Malam Habu Zariya: Wannan kam jahiliyya ce tsantsa, Annabi (SAW) ya riga ya rufe ƙofar nan a huɗubar ban kwana, babu fifikon fari kan baƙi sai da taƙawa.

Sojan Baka: duk naji. amma mu da muke zagin indiyawa fa? waye baisan fara ko mayya ce ba, waye baisan farar mace lantarkin gida ba. ku shiga kasuwa layin yan mai kuga abinda ake hadawa a roba, har jarirai ake shafawa. NAFDAC da kanta saida ta ayyana dokar ta baci akan bilicin a 2023. kuma ni ina ganin fim din indiyan nan da muka taso dashi yana cikin abinda ya kara lalata mana ido

Famasis Zainab: Yau dai Soja ka faɗi ta hankali 😂 Sai dai ka tuna kai ne ɗazu kake cewa so ba a masa dole.

Sojan Baka: har yanzu ina kan bakana, ni fara zan aura. amma ta Allah ba ta kanti ba

Ummu Hanif: Allah ya haɗa ka da baƙa mai kyau ta juya ka son ranta. Amma akwai bambanci fa Soja, mu ba a buga launi a jarida, kuma ba a ƙara wa uban yarinya kuɗi dan 'yarsa ta yi duhu.

Admin: Jama'a maganar bilicin a gida da 'yan fim ɗinmu a buɗe mata nata zaren daban, na goge kwament biyu da aka kama sunan mutane. A ci gaba a kan Indiya.

Abdul Noida: To bari in ƙara ɗaya tunda Admin ya dawo da mu hanya, dan masu ganin ilimi ko muƙami na raba mutum da wannan. Sarada Muraleedharan ita ce shugabar ma'aikatan gwamnatin jihar Kerala gaba ɗaya a lokacin, kujerar da ta gada daga mijinta. A watan Maris na 2025 ta rubuta a Facebook cewa wani ya kwatanta aikinta da na mijin, yace nata baƙi ne kamar yadda na mijin yake fari, wato launinsu yake nufi. A rubutun ta ba da labarin tana shekara huɗu ta tambayi mamanta ko za ta iya maida ta ciki ta sake haifo ta fara kyakkyawa. Kerala fa, ɗaya daga cikin jihohin da suka fi yawan masu ilimi a ƙasar.

Injiniya Kabiru: Ko 'yan wasan kurket ba su tsira ba. Darren Sammy na West Indies sai a 2020 ya gane ma'anar kalu da abokan wasansa ke kiransa da shi a kulob ɗin Hyderabad, a lokacin yana dariya tare da su ya ɗauka yabo ne. Abhinav Mukund kuma nasu ne ɗan Tamil, ya buga wa ƙasa, a 2017 ya fito ya rubuta irin sunayen da ake kiransa tun yana yaro saboda rana ta ƙona shi a filin wasa.

Malam Habu Zariya: Kurket ɗin ma wa ya kawo musu? Bature.

Injiniya Kabiru: Malam kenan 😂 ba za ka saki Baturen nan ba dai.

Ɗan Fagge: Ummu Hanif ita ƙawar taki ta samu mijin kuwa daga baya?

Ummu Hanif: Ta samu aiki a Dubai, ita ke riƙe da gidansu yanzu har ta gina musu sama. Aure kam har yanzu mamanta na kan saka talla.